Daga Ɗaya Zuwa Biyar

Takardar tambayoyi ɗari biyu na buga
a shagon kwafi na Ƙofar Ƙaura,
kuɗin awarata na sati uku ya tafi.
Dakta Mannir ya ce: ki auna damuwa,
ki sa mata lamba, daga ɗaya zuwa biyar.

A Ƙofar Marusa na tarar da Iya Tabawa
tana tsintar wake a faifai.
Na karanta mata tambaya ta bakwai:
sau nawa barci ke ƙaurace miki?
Ta ce, 'yar nan, tun ranar da Ɗanjuma
ya hau motar Batsari bai dawo ba,
wace lamba ce wannan?

Biro ya tsaya.
Na zagaye biyar, don nan takarda ta ƙare.

Kwamfuta ta haɗiye ta
tare da sauran mutanen,
ta tofo matsakaici: uku da ɗigo huɗu.
Jan biron Dakta ya ce babi na huɗu ya yi.

Ni kuwa ƙarfe biyun dare ta gota,
fitilar caji na lumshewa,
ina jin wake na faɗawa faifai,
ɗaya,
ɗaya.