Jan Zare

Likita ya ce jini ya hau,
ko in motsa ko in kwanta.
Nusaiba ta aiko da agogo daga Legas,
ta ce, Baba, shi zai ƙirga maka komai.
Na jawo keken da ke bayan tankin ruwa,
Sallau mai faci ya sa masa taya da sabon birki.

Bayan asuba nake fita daga Malali,
in ratsa Unguwar Rimi kafin masu ƙosai su hura wuta,
in gangara Kabala, in leƙa kogi,
ko ya cika ko ya janye,
in dawo ta Unguwar Sarki da gumi har cikin takalmi.

Da na sauka sai waya ta zana hanyar.
Jan zare ne a kan taswira,
ya lanƙwasa inda na lanƙwasa.
Kilomita goma sha tara.
Ni da hawa bene ke gagara bara!
Na latsa, na watsa wa duniya.
Bulus ya ɗaga babban yatsa,
tsoffin abokan aiki suka ce gaishe ka,
har wasu da ban san fuskarsu ba suka yi tafi.
Yabo zuma ne, na lasa, na ƙara.
Wata bakwai ban tsallake rana ba.

Ran wata Asabar a teburin mai shayi,
wani saurayi mai hular sanyi ya matso da kofinsa.
Ya ce, Alhaji, yau ka makara da minti tara.
Na ce, mun san juna?
Ya ce, ai ina bin ka a waya.
Gidanka ne mai baƙin ƙyaure kusa da taransifoma,
daga nan zaren ke tashi, nan yake komawa.

Ya kurɓi shayi. Babu mugunta a idonsa.
Ya ce, abu ɗaya ne ban gane ba.
Duk Alhamis kana sauya hanya,
ka tsaya wuri guda minti goma sha biyu,
keke ba ya tafiya,
amma bugun zuciyarka sai ya haura ɗari.
Wane irin atisaye ne wannan?

Burodi ya tsaya mini a wuya.

Nan Lantana take kwance.
Layi na huɗu daga bishiyar dalbejiya.
Ko Nusaiba ban faɗa wa ina zuwa ba.
Nakan jingine keke a katanga,
in yi mata addu'a,
in ba ta labarin jikokin da ba ta gani ba.
Ashe abin da ke ɗaure a hannuna
yana sauraron ƙirjina, yana kai rahoto.

Ba sace shi aka yi ba.
Ni na shanya shi a bakin titi,
da lokacin da gidana ba kowa sai mai aiki,
da kwanar da nake bi ni kaɗai cikin duhu,
a garin da ake ƙirga mutum da kuɗin fansa.
Wannan ya tambaya.
Nawa ne suka gani suka yi shiru?

Da dare na sa tabarau,
na bi manhajar lungu lungu ina rufe tagogi.
Na goge taswira ɗari biyu da ɗoriya.
Amma wa ya san inda aka kwafe su?
Wanda ya sayi rariya, aka ce.
Ni ban ma san rariya na ɗaura ba.

Har yanzu ina hawa, jini ya sauka.
Ba na kunna agogo sai na wuce masallacin Juma'a,
in kashe shi tun kafin layinmu.

Ran Alhamis kuwa a kan tebur nake barinsa,
kusa da kwalbar magani.
In na dawo ya ce mini yau ban motsa ba.
In ce masa haka ne.