Ƙwallon Dabino

Aska ba ta ƙarya.
Bakina ya yi, shekara tara yana yi:
in cusa masa kanumfari, in bi da goro,
in gaida liman daga nesa kamar mai mura.
Amma hannu ba ya tauna kanumfari.

Zabirar nan ta ubana ce, shi ma ta ubansa.
Rabin kawunan Ƙofar Marusa sun san tafinmu.
Ni na fara jinginar da ita
a wani ɗaki bayan bariki
inda ake zuba wa mutum wuta a kofin roba
ya biya, har ya yi godiya.

Ranar sunan ɗan Tanimu mai faci,
Asabar, hantsi bai gama ɗagawa ba,
aka miƙo mini jariri cikin zane,
kansa da laushi kamar nunanniyar gwanda.
Na yi bisimilla da harshen jiya.
Hannuna ya taka rawar da ba ni na kaɗa ba.
Bayan kunnen dama.
Jinin bai cika cokali ba,
kukan ne ya cika zaure.

Tanimu bai zage ni ba.
Da ya zaga, da na sami ƙarar da zan kai wa kwalba.
Ya zare askar daga yatsuna a hankali,
yadda ake karɓe wuƙa a hannun yaro,
ya ce, "Lawandi, tafi gida ka kwanta."

Kwana huɗu katifa tana shan gumina.
Na ga ƙadangaru inda babu ƙadangaru.
Laure ta dama kunun tsamiya, na amayar,
ta sake damawa.
A na biyar ta ajiye gwangwanin madara a taga:
"Duk daren da ka kwana da hankalinka,
ka jefa ƙwallon dabino ɗaya."

Arba'in da ɗaya na tara.
Sai Sallau ya tsaya da babur a ƙofar gida,
ya ce guda tak, don zumunci.
Guda ba ta taɓa zuwa ba tare da danginta ba.
Da asuba na juye gwangwanin a kwata da hannuna.
Laure tana shara, ba ta ɗago ba.
Ƙarar ƙwallon farko a gindin gwangwanin da ba komai
ta fi ta duk kwalbar da na taɓa fasawa.

Tsakanin magariba da lisha maƙogwaro ke tuna hanya.
Lokacin nake zama a bencin Nomau mai shayi,
baƙi, ba madara, citta ta ji,
ina sauraren musun ƙwallon da bai dame ni ba
har ƙafafuna su manta inda suka so zuwa.

Sallau kuwa mun raka shi Ɗanmarna da daminar bara.
Hanta, in ji likita.
Ni na yi masa askinsa na ƙarshe a gadon asibiti,
yana ce mini, "Kai ka tsere."
Ban tsere ba. Kullum tana bayan ƙofa, ta san sunana.

Yanzu an bar gwangwani, an koma tulu.

Jiya Tanimu ya zo riƙe da hannun yaro,
ya zaunar da shi a tabarmata,
ya ce, "Ƙwal-kwabo za ka yi mishi."
Na ga tabon, siriri kamar jinjirin wata.
An ce wanzami ba ya son jarfa;
to, tawa ga ta nan a kan ɗan wani.
Na wasa aska, na daɗe ina wasawa.
Tanimu bai kawar da ido ba,
ni ma ban roƙe shi ba.
Hannu ya tsaya.
Yaron har ya yi gyangyaɗi.

Dabinon yau yana aljihuna.
Ban ci ba tukuna,
dare bai yi ba.