Rabon Ibadan

Litinin da hantsi, ni da Dikin Irmiya
muna ƙirgar baikon jiya a bencin gaba.
'Yan hamsin-hamsin masu faci,
ɗari biyar guda da ta sha gumin wani,
tiya uku ta dawa daga Mama Damaris,
da zakara ɗaure da tsumma, yana hararar mu.

Na ware na ƙungiyarmu ta Zuru.
Na ware na jiha.
Ina ɗaga na Ibadan
ɗigon ruwa ya faɗo tsakiyar littafin,
bakwai ta jiƙe ta koma ɗaya.

Irmiya ya ce, "Ma'aji, dubi sama.
Damina uku muna tare wa Allah ruwa da roba.
Ka taɓa ganin Ibadan ɗin nan?
Wa ke kai tuwo maƙwabta, yaransa na lasar tukunya?"

Ban amsa ba. Yana da gaskiyarsa.
Takardar da muka rubuta kan rufi
ta tafi tun kafin shuka,
abin da ya dawo fom ne, da Turanci, shafi huɗu.

Amma ni ɗan Senchi ne.
Na yi golmo shekara bakwai,
na san yadda ake huɗa gonar
da ba za ka ci dawarta ba,
kafaɗa da kafaɗa, har rana ta faɗi.

Fasto Kefas, ɗan mai facin taya,
wa ya riƙe shi a makarantar Kaduna?
Kuɗin mota kawai muka haɗa masa, shi ma bai cika ba.
Da mutanen ƙauye suka gudo cikin dare
suka kwana nan, tsakanin bencina,
shinkafa ta zo bayan kwana tara
da sunayen majami'u a jikin buhu,
sunayen da har yau harshena ke tuntuɓe a kansu.
Wata tsohuwa can, ƙila da nata rufin mai yoyo,
ta kwance bakin zane saboda mu.

Na busar da shafin da gefen riga,
na sake rubuta bakwai.
Irmiya ya ja tsaki, ya sa hannu ƙarƙashin nawa,
ya saɓa zakaran zuwa kasuwa.
Daga ƙofa ya waiwayo:
"In za ka aika, ka sake tuna musu da kwanon.
Kuma matsar da bencin nan, kana jiƙewa."