Minti Goma Tsakanin Gaɓa Biyu

Sunana Nevzat. Shekara talatin da ɗaya ke nan
ina yawo da tiren shayi a jirgin fito,
daga Eminonu zuwa Kadikoy, a dawo, a sake komawa.
Minti ashirin ne tsakanin gaɓa da gaɓa.
Goman farko na fasinjoji ne.
Sauran goman, ni da littafina muka raba.

Bayan tukunyar shayi akwai wani ɗan lungu,
kusa da gwangwanin sukari,
nan yake kwana, nan yake wuni.
Tururi ya kumbura shi, iskar teku ta jiƙa gefensa,
duk littafin da ya yi mako a hannuna
sai ya koma gida da ƙiba
kamar yaron da ya yi hutu wurin kakarsa.

Ba na lanƙwasa kunnen shafi, wannan zalunci ne.
Tsohon rasit nake cusawa.
Wata rana in buɗe in ga kwanan wata,
in ce, af, ranar da ƙanƙara ta zuba ce,
ranar da na tuntsurar da kofi a cinyar wani lauya
don hankalina yana can cikin wani jirgin daban
da ke nitsewa a shafi na ɗari da shida.

Uku nake karantawa a lokaci guda.
Da asuba tarihi, lokacin kai yana da sanyi.
Da rana labari, mai mutane da yawa da rigima.
Waƙa kuwa sai zango na ƙarshe,
in fitilun birni sun zubo cikin ruwa
tsuntsaye sun gaji da bin mu don gutsuren burodi mai riɗi.

Sabo ba ya burge ni.
Ran Lahadi nakan hau tudu zuwa rumfar Perihan,
mai tsofaffin littattafai da kyanwa mai ido ɗaya.
Ina son wanda hannu ya riga ya sha,
mai zanen fensir, mai tabon miya.
Akwai wanda na saya, a gefen wani shafi
wani ya rubuta: na yafe maka.
Wa ya yafe? Wa aka yafe wa?
Shekara tara ina karatun layin nan, ban sauke ba.

Aro? A'a. Na taɓa bai wa direban jirginmu ɗaya,
ya tokare tagar ɗakinsa da shi.

Matata Sevgul ba ta karatu, ta ce yana sa ta barci.
Ta yi faɗa da suka cinye kabad ɗin tukwane,
ta yi faɗa da suka hau kan firji.
Amma kullum dare, tana zuba miyar wake,
sai ta ce ba tare da ta dube ni ba:
to, matar nan, ta samu ɗan nata?
Ni kuma in ƙarshen ya yi ɗaci
sai in zuba masa sukari biyu kafin in miƙa.
Bara ta ce min: na daɗe da sani.
In za ka yi ƙarya, cokali kake juyawa a kofin da babu komai.

Yanzu ido ya fara ja da baya.
Baƙaƙen suna taruwa kamar tururuwa a bakin sukari,
sai na miƙe hannu can nesa suke watsewa.
Daren jiya na ƙirga waɗanda ban buɗe ba:
ɗari biyu da goma sha huɗu.
Na yi lissafi da minti goma-goma,
lissafin bai yi min daɗi ba.

Da safe na biya ta wurin Perihan
don kawai in gaishe ta.

Biyu na saya.