Tafinta Mai Saurin Baki

Ƙarfe biyun dare a Ikeja.
Janareton Baba Folarin ya yi shiru,
saura fitilar goshina da warin dalma.

Kan tebur ga tafinta, bai kai ƙwayar gyaɗa ba,
yana sauraren lantarki, yana mai da shi lamba
sau miliyan arba'in kafin daƙiƙa ta cika.
Ƙwaƙwalwar da na haɗa masa
ƙafafunta goma sha biyu, kowace ta kasa kunne.
Takardar kamfani ta yabi gudun agogonta,
sai can shafin baya ta faɗa a ƙananan baƙaƙe
cewa ƙafa kan jira bugu biyu
kafin ta yarda sifili ne ko ɗaya.

Ran da na fara sauka Oshodi,
kwandasta na zubo unguwanni kamar ruwa a kwanon rufi.
Na cafki Agege, uku suka wuce ni,
na shiga motar da ba tawa ba.

Haka lambobin daren nan:
rabi na yanzu, rabi na ɗazu,
kan tinkiya a wuyan akuya.
Na rage waya, na sake dalma,
na zargi zafi, na zargi Tanimu da ya sayo kayan.
Ashe ludayi na tara
a bakin tiyon 'yan kwana-kwana.

Sauri ya haifi nawa.
Gobe zan gina rumbu a tsakaninsu,
shi ya zuba, ita ta ɗiba da nata hannun.

Danfon farko ya yi tari a ƙasan gada.
Shayina ya huce tun ɗazu.