Gwangwanin Bayan Kotu

Jikata Bara'atu ce ta zo da wasan a cikin wayarta:
wai mutane na ɓoye gwangwani a lungunan duniya,
su bar lambobin wurin, tauraron ɗan'adam ya kai ka.
Na ce, me ke ciki? Ta ce, takarda da guntun fensir.
Na ce, shekara talatin da ɗaya ina magatakarda ina neman takarda,
ban taɓa jin an kira shi wasa ba.

Mun bar Gwammaja da jijjifi,
tsohuwar Fijo na tari har Ƙofar Ruwa.
A Dawanau tirelolin riɗi suka tsare mu rabin sa'a,
ita tana kallon kibiyar waya,
ni ina kallon hanyar da na sani tun ba kwalta.

Bichi. Kotun na nan, an dai sake fenti.
Bencin masu ƙara ya rasa ƙafa ɗaya, an tokare shi da bulo.
Wayar ta ce saura taku goma sha biyu,
sai ga shi a kogon darbejiya, gwangwanin tumatir,
ciki da maɓallin riga da sunayen mutum bakwai.
Ta rubuta namu. Masinja ya leƙo yana tambaya
ko asiri muke binnewa.

A Ɓagwai ba mu samu komai ba.
Awaki ne kwance a barandar alƙali,
rumfar da nake cin ɗanwake ta zama shagon cajin waya.
Muka tona gindin katanga har azahar,
ta ce wani ya riga mu, ko ruwa ya tafi da shi.
Na ce haka fayil yake yi.

Gwarzo kuwa, ban so mu tsaya ba.
Ƙarƙashin tankin ruwa, cikin robar man shafawa,
takardar ta yi laushi don damina,
layi na huɗu da jan biro:
Tasi'u Mamuda Getso, na zo, na gani.

Mamuda Getso.
Gonar gado a bakin rafi, shari'a wata goma sha tara.
Ranar yanke hukunci aka nemi takardar shaidarsa aka rasa,
ni kuwa na san aljihun da ta kwana,
na san buhun gero nawa aka sauke a ƙofar gidana.
Yana fita ya tsaya daidai inda tankin nan yake yanzu,
ya cire hula, ya kakkaɓe, ya mayar.
Ko kallona bai yi ba.

Bara'atu ta miƙo fensir: Kaka, sa hannu mana.
Na ce hannuna na rawa, rubuta ke kaɗai.

Muka shigo ta Kabuga fitilu sun kama,
'yan adaidaita na zagin juna a mahaɗa,
mai tsire na fifita wuta, kiran isha'i ta ko'ina.
Ta ce, mun ci biyu cikin uku, ba laifi.
Na ce, juya, kai ni Ƙofar Kudu.

A bayan kotun akwai bulon da ya saki tun zamanina.
Na juye sauran goro daga gwangwanina,
na yage bayan rasiɗin mai,
na rubuta abin da ya kamata in karanta a gaban alƙali
shekara ashirin da shida da suka wuce,
da kwanan wata, da lambar shari'a, da cikakken sunana.

Ta ɗauki lambobin wurin ta ɗora a wayarta.
Ta ce, wa kake so ya samu?
Na ce, akwai wani yaro a Getso
da ya iya nema.