Tsarabar Jos

Daga Gashuwa na taso da asuba,
takarda a aljihu, rubutun Tasalla da jan biro:
acca mudu biyu, dankali, jakar fata mai zif.
Can ƙasa kuma, da fensir, hannun autarmu Barmani:
Baba, ka zo min da sanyi.

Bayan Tilde mota ta shiga hawa,
kunnena ya toshe, duwatsu suka fara goyon juna.
Na ce wa direba, garin nan ai tsibiri ne,
zafi ne kogin da ya kewaye shi,
mu kuma tun safe iyo muke yi.
Bai dube ni ba. Ya ce, Malam, ja gilas.

A wata rumfa ta bayan tasha
Ngo Chundung ta ɗaga murfin tukunya
tururi ya wanke min tabarau.
Gwate ne, ta ce, ka taɓa sha?
Na ce a'a. Ta ce, to yau ka zo Jos.
Yakuwa da gauta da ƙashi mai taunuwa,
tsami ya riga gishiri isa harshena,
ɗacin gauta ya biyo baya a hankali
kamar baƙon da ya san gidan.
Na sha kwano ɗaya don yunwa,
na biyu kuwa babu dalili.
Ta ƙara min ludayi guda, ta ƙi karɓar kuɗinsa.

Farin Gada, kabeji ya fi kan jariri,
karas da laka a jikinsa, koren wake tuli.
Na taya dankali, yaron ya yi dariya har da riƙe ciki,
na taya kuma, ya ce, kawo, don kai baƙo ne,
na san an ci ni, amma da ladabi.
Na sayi sitiroberi ƙaramin kwali,
ba ya cikin takarda, ja ne kawai ya ruɗe ni.

A Naraguta wani dattijo, Ɗanliti,
basilla a baki, yana ɗinka bakin jaka.
Na shinshina, na murza, na ce, fatar ina ce?
Ya cire basillar. Daga ina kake?
Na faɗa masa.
Ya ce, to akuyarku ce, ta riga ka zuwa.
Na biya kuɗin motar akuya, zuwa da dawowa.

Da la'asar na zauna bakin wani kududdufin kuza,
ruwa kore shar, ba motsi, ba a ganin ƙasansa.
Kakana ya yi shekara uku yana haƙa a ƙasar nan,
ya koma gida da tari da bargo guda.
Ban san ko wannan ramin ne nasa ba.
Na tsinci baƙin dutse a gefen ruwan,
sanyi ƙalau kamar hancin maraƙi,
na naɗe shi a hula, na ce, na Barmani ya samu.
Yayyafi ya same ni a wurin, ban tashi ba.

Kafin Potiskum sitiroberi ya zama miya.
Kafin Gashuwa dutsen ya ɗau zafin cinyata.

Tasalla ta auna acca, ta ce mudun Jos ƙarami ne,
ta rataya jakar, ta je madubi, ba ta ce komai ba.
Barmani ta karɓi dutsen, ta manna a kumatu,
ta juya shi, ta sake mannawa,
ta dube ni irin kallon mai bin bashi.
Na buɗe baki zan ba ta haƙuri
sai atishawa, ɗaya, biyu, har huɗu.
Ta ruga tsakar gida tana ihu:
Inna, ya zo da shi, a hanci ya ɓoye!